Kada Ka Kai Shi Maƙera

Rabi ta sauka! Ta sauka lafiya, Abba, mace ce, jiya da hantsi. Gashi cunkus a kanta, ga murya, tun daga zaure nake jin ta. Da ungozoma ta miƙo mini ita sai na karɓe ta a tsaye ina ta juyi da ita, har Innarka ta ce, "Malam, nemi wuri ka zauna tukuna, kada ka yar da amaryar taka." Na zauna a kan turmi ina dariya, hawaye na bin gemuna, ban damu da wanda ya gani ba.

Ka ga na fara daga tsakiya. Malamin da ya koya mana rubutu a ajin yamma ya sha gaya mana cewa sallama ce ƙofar wasiƙa, to yau ɗoki ya haura katanga. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka na rami. Allah Ya tsare ku daga ruftawar ƙasa, da mugun ji, da mugun gani, da abokin da ke dariya da kai yana auna aljihunka. Innarka na gaishe ka. Rabi ta ce a gaishe ka, daga nan ta juya fuskarta bango, ban san abin da ta yi ba, ban kuma tambaya ba.

Na zaɓi takarda ne saboda waya ba ta bari in kai aya. Duk sanda na ɗauko doguwar magana sai ka ce, "Baba, ba sabis," ko "Baba, caji zai ƙare." Takarda ba ta da caji. Zan ba Sale direba, mai kai muku hatsi daga Ɗambatta, ya damƙa maka hannu da hannu. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfura na koye shi.

Ƙanwarka Asabe ta nuna mini hoton shuɗin dutsen da ka samu, ta kunna mini saƙon muryar da ka turo. Na ji ka ce ba za ka tako gida ba sai ka tabbatar da abin da ke hannunka, ko da haihuwa za ta wuce ka. Na kuma ji wani a bayanka yana cewa, "A sa masa guduma kawai, in na gaske ne ba zai fashe ba." Tun da na ji waɗannan maganganu biyu tuwo bai yi mini daɗi ba, don na san su. Duka biyun na taɓa aiki da su.

Ban hana ka tafiya ba, kuma ba ni da bakin hanawa. Gonar da kakanka ya bari an raba ta an sake rabawa, har ta kai in ka tsaya a wannan iyaka ka yi atishawa, maƙwabci na waccan iyakar ne zai ce maka yarhamukallahu. Ta wajen Bacirawa kuwa inda muka san dawa yanzu bulo ake shukawa. Saurayi mai iyali dole ya nema. Amma tunda hanyar da na bi ka bi, bari in nuna maka ramukan da na faɗa, ko ka kewaye su.

Ina sabon aure na bi 'yan ci-rani zuwa ƙasar kuza, can kudu, inda ake wanke ƙasa a kwano. Ran nan a kasuwar bakin ramuka wani mutum mai fara'a ya ja ni gefe, ya warware tsumma, ya tofa wa abin da ke ciki yawu, ya ɗaga shi ga rana. Shuɗi, Abba, irin shuɗin da ko a marina ban taɓa gani ba. Ya ce safaya ce, wato yaƙutu, uwarsa ce ba lafiya shi ya sa zai rabu da ita. Na ba shi kekena. Ashe gindin kwalbar magani ce aka fasa, aka gurza a kan dutse, aka birkiɗa cikin jar laka. A ƙafa na shigo garin nan daga bakin titi, kowa ya gani.

Saboda haka ka sani, launi shi ne maƙaryaci na farko. Shuɗi ba suna ba ne, riga ce, kuma duwatsu da yawa suna sa ta. Kada ka duba dutse a jiƙe, yawu da mai suna rufe aibi. Kada ka duba shi da tocila. Ka goge shi ya bushe, ka zauna a inuwa da hantsi. Ka ɗora shi a leɓenka na sama: dutse yana riƙe sanyi kamar randa, kwalba kuwa nan da nan take ɗaukar ɗumin jiki. Ka leƙa cikinsa. In ka ga 'yan kumfa zagayayyu irin na sabulu, kwalba ce aka narka. Dutsen da Allah Ya dafa a ƙasa yana da dattinsa, zare-zare kamar gashin masara, ko 'yar tsaga, ko ɗigo. Wanda ya fita tas ba ko tabo, shi za ka fi jin tsoro, don yanzu har safaya ake dafawa a masana'anta a farfasa a kawo bakin rami. Ka ce da hannunka ka wanko naka. Madalla. Amma na ga ramin da aka shuka wa kwalba don a sami mai sayen ramin.

Wannan kuskuren keke kawai ya ci. Na biyun shi ne ya ci sunana.

Da rani ya zagayo na koma. Wannan karon ba saya na yi ba, Allah ne Ya ba ni. A ƙasan kwanon wanki, cikin baƙin yashin kuza, na ga abu kamar ƙwan zabuwa, shuɗi mai haske irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Garau yake, kana ganin zanen tafin hannunka ta cikinsa. Ga nauyi, ga sanyi. Ban nuna wa masu saye na can ba, tunda an taɓa cuta ta ban yarda da kowa ba. Na ce bari in kai gida, mutanen garinmu ba za su cuce ni ba. Kuma gaskiya ne, ba su cuce ni ba. Da sun cuce ni ma da ya fi, ko ba komai dutsen yana nan a duniya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ni da kaina na bi zaure-zaure ina cewa, "Ku zo ku gani! Ku zo ku ga abin da Isa ya samo!" Aka taru a gindin tsamiyar da ke gaban maƙera. Dutsen ya zaga hannu-hannu. Sai Tanko, sa'ana, wanda ka sani da sayar da gyaɗa a bakin masallaci, ya kanne ido ɗaya ya leƙa shi ya ce, "Wannan ƙanen na bara ne? Bara keke ka bayar. Bana me ka bayar, wando?"

Aka kwashe da dariya. Na ce na gaske ne, na rantse.

Sarkin Maƙera na zaune yana jin mu. Dattijo ne mai gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya ce, "Yaro, ni ban san dutse ba. Amma a sana'armu ƙarfe ba ya ƙarya a kan uwar maƙera. An ce dutse mai daraja ya fi ƙarfe tauri. In haka ne, me zai ji wa tsoro?"

Jama'a suka ce, "Wallahi kuwa!"

Kakanka yana bayana. Ya taɓa kafaɗata ya ce a hankali, "Isa, mai da abinka aljihu, mu je gida." Na ji shi sarai. Amma na ga haƙoran Tanko.

Ni na ɗora shi a kan uwar maƙera. Ni na karɓi masaba daga hannun Sarkin Maƙera. Bugu ɗaya, kuma ba da ƙarfi ba. Sai ya rabe fale-fale a miƙe, kamar an yanka da reza, sauran ya tarwatse cikin toka da gawayi. Can sai Tanko ya ce, "Mai Kwalba ya sake!" Ka ji inda sunan da ka taso kana jin yara na kira na da shi ya samo asali. Ka sha yin dambe a kansa kana ƙarami, ba ka san tushensa ba.

Mu manoma haka muka san gwaji. Tukunya a ƙwanƙwasa, hatsi a ciza, garma a buga, sa a murɗa masa wutsiya. Abin da ya jure shi ne nagari. Wannan gwajin yana ci a komai namu, ban da dutse.

Na tsinci ɓalli ɗaya daga cikin tokar, da safe na bar garin ba sallama. Na kai shi Jos wurin wani dattijo ɗan ƙasar Mali da ke sayen duwatsu, Alhaji Bakari, mai gurguwar Hausa. Ya sa ɗan madubinsa a ido, ya jinjina ɓallin a hannu, ya karta shi a jikin farin dutsen ƙanƙara, ya shafa fuskar da ta rabe. Sa'an nan ya ce, "Wane ne ya buga?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Kai manomi?"

Na ce e.

Ya girgiza kai. "Tofas ne wannan. Fari yana da yawa, ba kuɗi. Mai shuɗi na Allah, babba, garau, ba kullum ba. Kwalba ba ta rabewa miƙe haka, kwalba tana fashewa lanƙwashe. Wannan tsaga da mutanenka suka yi dariya, ita ce shaida na gaske ne. Da ka kawo shi ɗaya, da ka koma gida da shanun huɗa."

Abba, ka sake karanta wannan wurin. Fashewar da ta mai da ni abin dariya ita ce shaidar gaskiyata, kuma duk cikin taron nan ba wanda ya iya karanta ta, har da ni.

Ga abin da na koya, ka riƙe shi fiye da layar da Innarka ta ɗinka maka. Tauri daban, jure bugu daban. Fatar sa ƙaya na karce ta, amma ka wuni kana dukan ta ba za ta fashe ba. Dutse mai daraja akasin haka yake. Taurinsa shi ne wa yake karcewa, wa ke karce shi. Ƙanƙara na karce kwalba. Tofas na karce ƙanƙara. Safaya na karce tofas. Daiman, wato lu'ulu'u, na karce su duka, amma shi ma in ka sa masa guduma zai rabe. Wasu duwatsun suna da hanya a jikinsu kamar itacen faskare, in gatari ya dace da hanyar, yaro ma sai ya raba shi. Wuta ma haka. Za su ce maka a jefa a garwashi a gani. Na ga amatis mai launin shunayya ya shiga wuta ya fito a koɗe, a tsattsage. Duk gwajin da in dutsen ya faɗi ka yi asara, in ya ci ma ka yi asara, ba gwaji ba ne. Kuma ka lura, mai cewa a sa guduma ba dutsensa ba ne.

Na zauna wurin Alhaji Bakari ina wanke masa duwatsu, a nan idona ya buɗe, bayan buɗewar ba ta da sauran amfani. Ya nuna mini cewa kowane dutse da irin ƙirarsa, yadda ba ka haɗa ƙwayar gero da ta dawa. Tamalin dogo ne kamar guntun kara, da zane-zane a tsaye a jikinsa. Wanda ake kira akwa gefe shida gare shi kamar ɗakin saƙar zuma. Safaya kan zo kamar 'yar ganga, kuma ta fi girmanta nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasan kwano tare da kuza. Ya kuma koya mini juya dutse a haske. Ka riƙe shi da yatsu biyu ka duba ta gefe, sa'an nan ka duba ta kai. Safaya ta gaske ta wani ɓangaren shuɗi ce zalla, ta wani kuma shuɗin ya ɗan ja kore. Tamalin in ka leƙa ta tsawonsa sai ya yi duhu. Kwalba kuwa ko ta ina ka juya ta fuska ɗaya gare ta. Ba kowane mai fuska ɗaya ne kwalba ba, jan dutsen da ake kira ganet ma haka yake, saboda haka kada ka yanke hukunci da shaida ɗaya. Ko alƙali sai ya ji biyu.

Na ukun shi ne wanda ban so rubutawa ba, amma saboda shi na ɗauki biro.

Na rantse ba zan koma gida ba sai da wani dutsen da zan ajiye a gaban Tanko. Na bar Innarka da ciki, cikinka. Damina ta faɗi ban dawo ba. Saƙo ya same ni cewa kakanka ya kwanta, na ce bari in ƙarasa wannan ramin. Saƙo na biyu ya zo da labari biyu a haɗe: an binne shi, kuma an haife ka, an mayar maka da sunansa. Shi ya sa har yau bakina ba ya iya kiran sunanka na yanka, sai Abba. Mutane na zaton kunya ce kawai. Kalmar ƙarshe da ya gaya mini a duniya ita ce in mai da abina aljihu mu je gida.

Itacen wankan jegon Innarka ƙanena ne ya faskara. Ragon sunanka shi ya nemo. Sanda na dawo kana tafiya da ƙafarka, ka gan ni ka ruga ka ɓuya a bayan zanin Innarka. Hannu wofi na dawo, rami bai sake yi mini kyauta ba. Na bi ta bakin masallaci, ga Tanko a gaban farantinsa. Ya ɗago ya ce, "A'a, Mai Kwalba, yaushe a gari?" Ya ci gaba da ƙulla gyaɗarsa. Mutumin da na bar ubana ya mutu ba na nan don in rufe masa baki, ko tsayawa da ƙullin bai yi ba. Daga baya na nuna musu ɓallin, na gaya musu abin da Alhaji Bakari ya ce. Suka ce, "To, Allah Ya kyauta." Ba wanda ya ce ya yi kuskure. Sunan ma bai fita ba.

Su ne kuma yanzu, tun da labarin dutsenka ya fita, suke tare ni a hanya. "Malam Isa, an ce yaro ya dace?" Yau na zama Malam Isa. In ka dawo da mota za su ce dama sun san gidanmu da ido a kan dutse. In ka dawo da kwalba za su yi dariya har a ci kasuwa biyu, sa'an nan su sami wani. Kada ka sayar da ranar sunan 'yarka don bakin da ko tuna ka ba ya yi.

Ka taɓa ƙasan ambulan ɗin nan, za ka ji wani abu a naɗe cikin auduga. Ɓallin nan ne. Tun ranar maƙera bai taɓa kwana nesa da ni ba, Innarka ta sha cewa in jefa shi rijiya in huta. Ashe ranarsa na zuwa. Ka keɓe kai kaɗai da hantsi. Ka nemi wani ɗan gefe na dutsenka da ba ya cikin ido, ka ja shi sau ɗaya, a hankali, a kan shimfiɗaɗɗiyar fuskar ɓallin. Ka share farin garin da yatsa, ka duba wa ya ji ciwo. In naka ya bar zane a jikin nawa, to ya fi tofas tauri, sai ka yi shiru da bakinka ka gode wa Allah. In bai bar komai ba, ba lallai kwalba ba ce, yana iya zama akwa ko tamalin, sai ka koma ga sauran shaidun. Kada ka ji tausayin ɓallin. Ya sha masaba, zanen ɗana ba zai dame shi ba.

Ko me ka gani, kada ka sayar a bakin rami, can mai saye ne ke da ma'auni da madubi da farashi. Ka naɗe shi shi kaɗai, kada ya gogu da wani. Ka biyo Sale. Bayan suna ni da kai za mu je wurin masu na'urar da ke auna yadda haske ke karyewa a cikin dutse, ita ce ke faɗin sunansa ba tare da ta taɓa lafiyarsa ba. In na gaske ne, alhamdulillahi. In kuwa kwalba ce, to sunan Mai Kwalba ya sami magaji, mu raba shi biyu, ko ni ma kafaɗata ta huta.

Itacen Rabi na tara, rago na ɗaure a gindin darbejiya. Amma da liman ya tambaye ni sunan da za a raɗa, na ce masa uban yarinya na kan hanya, shi zai faɗa. Laraba mai zuwa ne. Kada ka mai da ni maƙaryaci a gaban liman, na gaji da rantsuwa a gaban jama'a ana dariya.

Allah Ya tsare ka a rami da kan titi. Allah Ya sa ka fito da ƙafafunka, Ya kawo ka gida da rana tsaka, ko da dutse ko babu. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya sa ta san fuskar ubanta tun ba ta san ɓuya ba. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa

Saura kaɗan in manta. Ka gaya wa abokan raminka duk su zo, har da mai maganar guduma, akwai tuwo, amma ya bar gudumarsa can. Na aika wa dangin Rabi a Zakirai, na aika Ɗambatta. Yanzu in na rufe takardar nan zan sa takalmi in bi zaure-zaure, abin da rabona da yi tun waccan Juma'ar. Zan fara da maƙera, in bi ta bakin masallaci in tsaya a kan Tanko. Wannan karon jikanyata ce abin nunawa, a hannuna za ta zauna, ba mai karɓa ya gwada. Ku zo ku gani, jama'a! Ku zo ku ga abin da aka samu a gidan Mai Kwalba!